Robar Da Ya Ɓoye Wa Matarsa

"Haɗa masa kayansa, gida zan tafi da shi!"

Gajera ta tsaya a ƙofar ɗaki riƙe da kofi, tana kallon surukarta da ta ba da wannan umarni. Watansu biyar da aure ita da Kafinta, shi ne ma ya laƙaba mata wannan suna don tsokana. Kwanansa biyu ke nan da dawowa daga asibiti. Daga kan rufi ya zamo ya faɗa bisa katako, hanyar fitsarinsa ta ji rauni. Likita ya sa masa robar fitsari da jaka ɗaure a cinya, ya ce sai an yi masa aiki za a cire.

"Umma, ai nan ma gida ne..."

"Ke yarinya ce! Me kika sani game da jinya? Yau ki zubar masa da fitsari, gobe ki raina shi, jibi ƙawayenki su sha labari. Ni na haife shi!"

Gajera ta juya wajen mijinta. Yana zaune a bakin gado, ya lulluɓe ƙafafunsa da bargo duk da zafin da ake yi. Tun a asibiti bai yarda ta ga robar ba, da nas ta shigo sai ya ƙirƙiro aike ya tura ta waje.

"Yallaɓai, ka ce wani abu mana."

"Zan bi Umma," ya faɗa kansa a ƙasa. "Zarni nake yi, Gajera. Ni kaina ina ji."

"Ni na ce maka na ji?"

Ko ɗagowa bai yi ba. Haka ta ninke masa kaya hawaye na ɗiga a kansu.

Washegari ta koma asibitin, ta nemi nas ɗin da ta kula da shi. "Don Allah Anti, ki koya mini." Nas ta zaunar da ita ta nuna mata komai: a wanke hannu kafin a taɓa, a zubar da jaka tun ba ta cika ba, kada jakar ta haura ƙugu, kada robar ta lanƙwashe, a wanke wurin da ruwa da sabulu kullum. "Sannan ya sha ruwa sosai. In kika ga fitsari ya tsaya, ko zazzaɓi, ki taho da shi a guje."

Kullum sai Gajera ta kai abinci gidan Umma, kullum a bakin ƙofa Umma ke karɓa, ta ce, "Barci yake yi." In ta kira wayarsa, a kashe. Yayarta ta ce ta tattara ta dawo gida tunda ba a bukatarta, Gajera ta ce babu inda za ta.

Rana ta tara da hantsi ta tarar da Umma tsaye a tsakar gida, ɗankwali a hannu, ido ya yi ja.

"Tun jiya jikinsa ke rawa. Ya kulle ƙofa, ya hana ni shiga."

Gajera ta ajiye kwano ta nufi ƙofar. Ga jarkar ruwa nan a bakin ɗaki, ko buɗe ta ba a yi ba.

"Yallaɓai, ni ce. Buɗe!"

"Ki tafi, filis... ba na so ki gan ni haka."

"To wa kake so ya gan ka? Ka hana Umma, ka hana ni! Wallahi in ba ka buɗe ba da gudumarka zan ɓalle ƙofar nan!"

Can sai ta ji ƙarar sakata. Da ta shiga ta tarar leɓɓansa sun bushe sun tsage, mararsa ta kumbura. Ta wanke hannu ta yaye bargon. Jakar tana cushe a ƙarƙashin matashi, robar ta lanƙwashe, ɗan abin da ke ciki ya yi duhu.

"Yaushe rabonka da ruwa?"

"Kurɓa kawai nake yi," ya ce yana haki. "In jakar ta cika sai na ratsa tsakar gida da ita, ga Umma, ga masu dubiya..."

Ta miƙar da robar, ta sauke jakar ƙasa. Ko ɗigo bai zo ba.

"Umma, a samo mota! Yanzu!"

A asibiti likita ya ce robar ta toshe, ƙwayoyin cuta sun kusa taɓa masa ƙoda. Aka canja wata, aka ɗaura masa ruwa. Umma ta zauna kan benci ta fashe da kuka.

"Kwana tara yana gidana, ban taɓa ganin abin nan da idona ba. Kunyata yake ji, ni ma ina jin tasa. Na so in rufa masa asiri, ashe kashe shi zan yi. Ki yafe mini, 'yata."

"Haba Umma, son sa ne ya sa ki."

Da aka sallame shi, Umma da kanta ta ce wa direba ya kai su gidansu shi da Gajera.

Jinyar ba ta zo da sauƙi ba. Wata safiya jakar ta yi yoyo ta jiƙa zanin gado, Kafinta ya juya fuska ga bango yana kuka kamar yaro. Gajera ta cire zanin ta ce, "Sori Yallaɓai, mai gyaran rufin mutane yau nasa ke yoyo." Ya yi dariya hawaye na zuba. Ta ɗinka masa aljihu a cikin wando inda jakar za ta zauna, har ya fara leƙa shago yana zama yana goge katako. Sau biyu ana ɗaga aikin. Sai a wata na shida aka yi, aka cire robar, ya warke sarai.

Har yau in Kafinta ya ji an sa wa wani roba, da ƙafarsa yake zuwa dubiya. Yakan ce masa, "Ka sha ruwa, kuma kada ka ɓoye wa matarka." Lalura ba abin kunya ba ce, ɓoye ta ne ke jawo halaka. Iyaye kuma su sani, wadda ta karɓi ɗansu yana lafiya, a ba ta dama ta riƙe shi ranar da ya kwanta.