Ɗigon Rawaya a Kan Taswira

Ranar da ya fara ganinta, takalminsa duk laka ne. Ya tsaya a ƙofar ɗakin kwamfuta, wani ɗaki a ƙasan bene, babu taga, sai tsohuwar fanka tana kuka. Ta dubi ƙafarsa kafin ta dubi fuskarsa.

"Kai ne mai kawo mini hotunan daji?"

"Ni ne."

"To dajin ka bar shi a waje, hotunan kawai nake so."

Ya yi dariya, ya tuɓe takalmin.

Aikinsa shi ne shiga fadama da kurmi, ya ɗauki hoto, ya rubuta nan ruwa ne, nan ciyawa, nan itatuwa. Ita kuwa manhaja take haɗawa, wadda za ta dubi hoton tauraron ɗan adam ta zana taswirar dajin da kanta. Da hotunansa manhajar ke koyo.

Sannu a hankali hotunan suka fara zuwa da saƙo.

"Idona, yau na ga wani tafki da furanni sun rufe shi. Da kina nan."

"Ƙafata, ina nan, ni da fanka. Ƙaro mini wani, ko na ji iska."

Sai ya riƙa ƙaro mata, har fiye da abin da aka sa shi.

Da ya je gaida mahaifinta don neman aurenta, dattijon ya saurare shi tsaf, sannan ya ce, "Yaro, ban ga aibunka ba. Amma ita da bakinta ta ce abin da take haɗawa zai yi aikin mutum. Wane mutum ke nan? In ya tabbata aikinka zai ɗore, ka dawo."

Ya fito yana juya maganar a ransa. Ashe duk hoton da ya tura don so, ƙofarsa yake rufewa da shi. Ya rubuta mata, "Kin sani, kika bar ni ina ƙarowa?"

Ta karanta, ta kifa kai a tebur. Ta sani, ta kasa faɗa. In ta gama aikin an sallame shi, in ta ƙi gamawa an sallame su duka. Ga manaja, wanda shi ma ya daɗe yana kai mata kaya masu ƙamshi, kullum yana leƙowa: "Ranki ya daɗe, yaushe za mu huta da masu laka?"

Ranar gwaji taswira ta fito, kore da shuɗi, gwanin kyau. Sai dai ta cika da ɗigon rawaya. Haka ta tsara ta tun farko: duk inda manhajar ba ta tabbata ba, kamar rafin da itatuwa suka lulluɓe, ta sa rawaya.

"Goge su," in ji manaja. "Manhajar ta zaɓi ɗaya kawai, kore ko shuɗi."

"Ba ta gani ba, yallaɓai. Ba zan sa ta ce ta gani ba."

Ya nuna mata ƙofa da ido. Ta zauna daram.

Matar da ta ba da aikin, mai kula da gandun dajin, ta matso ta ƙura wa allon ido. "Rawayar nan ce ta sa na yarda da koren. Wa zai riƙa zuwa yana dubo mini su, rani da damina?"

Sai mai haɗa manhajar ta juya ta dubi takalmin mai kawo mata hotunan daji, da ke bakin ƙofa.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Ki yafe ni, Idona."

"Na yafe. Wanke takalminka, Baba na jira."

Bayan ɗaurin aure, mahaifinta ya dafa kansu ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Wurin farko da angon ya kai ta shi ne tafkin furannin. Ta taka laka har idon sawu, ta ja iska mai tsawo.

"A taswirata rawaya ne nan," ta ce.

"To, yanzu kin gani. Me za mu rubuta?"

"Kar ka rubuta komai tukuna, Ƙafata. Mu ɗan zauna."