Maigoge da Wutsiyar Farin Doki

A can wani zamani an yi wani maigoge mai tattalin gogensa. Kullum in ya gama kiɗa sai ya share tsarkiyar, ya sassauta ta, ya rataye gogen inda raɓa ba ta kaiwa.

Ran nan aka gayyace shi bikin suna a ƙauyen gaba. A hanya ya tsaya ya matse tsarkiyar, sai ta tsinke, tas! Ita kuwa da gashin wutsiyar doki ake yin ta.

Can sai ya hangi wani farin doki ɗaure a gindin tsamiya, ba kowa kusa. Ya taɓa wuƙarsa, ya dubi wutsiyar, ya ce, "Ba tawa ba ce." Ya zauna.

Waɗansu makaɗa suka zo wucewa, suka ce, "Yanki mana! In ka makara, wani za a sa ya yi kiɗan."

Ya ce, "Ba tawa ba ce."

Sai da hantsi ya yi sannan mai dokin, wani tsoho, ya hauro daga rafi. Maigoge ya durƙusa ya ce, "Baba, gashi kaɗan nake roƙo."

Tsoho ya yi dariya, ya ce, "Gara da ka jira, ɗana. Da ka taɓa wutsiyar nan, da tuni ya zubar maka da haƙora!"

Ya zaɓo masa dogayen gashi. Maigoge ya jera su, ya ɗaure, ya shafa ƙaro. Ashe tsohon nan shi ne kakan jaririn da za a raɗa wa suna. Ya goyo shi a kan doki har ƙofar gidan suna.

Ranar, har dokin sai da ya taka rawa.