Babu Mai Amsa wa Sofron

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da na je ɗauko Nea Sofron a tsohuwar motar ofis (Nea lakabin girmama dattijo ne a wajenmu). Ƙarshen kaka ne, ana ƙona busassun ganye a lambuna, hayaƙi ya kwanta a kan titi. Masu talabijin da suka zo daga babban birni ne suka dage sai da yamma za su ɗauki hoto, wai hasken faɗuwar rana ya fi sa mai kallo tausayi.

Ni ce mai hulɗa da 'yan jarida a gidan tarihin garinmu, wanda a da kurkukun 'yan siyasa ne. Na daɗe a aikin har na haddace abin da suke so: ƙofar ƙarfe mai ƙara, kwanon abinci mai tsatsa, da tsoho mai kuka. Ƙofa da kwano muna da su birjik. Tsoho kuwa Nea Sofron kaɗai ya rage mana, wanda aka kama yana ɗalibi, yanzu ya haura casa'in.

Shi ba don a gan shi yake zuwa ba. Duk hirar da za a yi da shi, sai ya fara jero sunayen waɗanda suka mutu a ɗakin da aka tsare shi. Mutanen ƙauyuka masu nisa ne, an binne su a bayan gari ba alama, ba a kuma taɓa sanar da danginsu ba. Mun rubuta sunayen a bango, amma wa ke tasowa daga ƙauye don karanta bangonmu? Shi dai ya yi imani akwai wata tsohuwa a wani wuri, zaune gaban talabijin, wadda za ta ji sunan ubanta ko yayanta ta san inda ya ƙare. Su kuwa 'yan jarida duk zuwa sai su yanke sunayen su bar hawayen.

Wannan karon ya ce ba zai zo ba sai an yi masa alkawarin za a saka sunayen. Da na kai maganar ga Darakta Pintea, ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba. Ya ce in ce wa tsohon to kawai, ai gidan da ba a ganinsa a talabijin hukuma ma mantawa take yi da shi. Na kira Lavinia, mai gabatar da shirin, ta ce ba matsala, da irin muryar da ake sallamar mai talla da ita.

'Yarsa Floarea ce ta fito da shi, ta naɗa masa gyale a wuya tana harara ta. A mota ya yi tarin nan nasa mai kaushi, ya dube ni ta gefen ido.

"Aurica, yau ma kasuwa za ki kai ni?"

"Haba Nea Sofron, kai ne fa tauraronmu."

"Birin wasa dai. Amma sun yarda da sunayen, ko?"

Na ce sun yarda. Ya gyara zama, ya fara motsa leɓe yana bitarsu a ransa har muka isa.

Ɗakin nasa shi ne na ƙarshe a bene na sama. Mun hau a hankali, yana riƙe da hannuna. Lavinia ta riga ta sa an kashe fitilun baranda, an kunna tata guda ɗaya, an kuma janye kujerar da muke ajiye masa, wai ya fi kyau ya zauna a kan gadon katakon. Ta sumbace shi a kumatu biyu tana kiransa kakanta, alhali sai da ta leƙa wayarta kafin ta tuna sunansa. Tare da ita akwai mai kyamara, da wani ƙato mai ɗaukar sauti wanda suke kira Grigore, da abin saurare a kunnuwansa.

Nea Sofron ya miƙe baya ya fara. Ilarie Moga. Toader Hotea. Yana shirin faɗin na uku Lavinia ta ɗaga hannu tana murmushi. Ta ce za a dawo kan wannan daga baya, yanzu ya gaya mata abin da ya fi ci masa rai.

Ya dube ni. Na dubi ƙasa, raina yana tafasa.

Ta yi ta tonon sa kamar mai neman ƙaya a ƙafa, har ta samu. Ya ba da labarin kiran suna na yamma. Kowace magariba gandiroba yakan tsaya a bakin ƙofa ya kira sunaye, kowa ya amsa da "ga ni." Idan wani ya mutu da rana, sai su jingina shi da bango a tsakaninsu, Sofron ya sauya murya ya amsa masa, don a ci gaba da kawo burodinsa na kwana ɗaya ko biyu. Ya ce ya amsa wa mutane da yawa. Muryarsa ta karye, Lavinia ta yi wa mai kyamara alama ya matso, fuskarta cike da jin daɗi.

Da ya share ido ya ce yanzu sai sunayen, ta duba taga ta ce haske ya tafi, sai dai wani zuwan. Daga nan ta fara naɗe wayar makirfonta.

Saura abu ɗaya, wanda duk masu talabijin suke yi kafin su tashi. Mai sauti yakan sa kowa ya tsaya cak, ya naɗi shirun ɗakin na ɗan lokaci. Da shi suke cike gurbin duk maganar da suka yanke, yadda mai kallo ba zai ji an yi yanka ba. Na sha tsayawa ana ɗaukar shirun da za a rufe bakin tsohon nan da shi.

Grigore ya ɗaga sandar makirfo. "A yi shiru, don Allah. Kar wanda ya motsa."

Muka yi tsit. Daga nesa ƙararrawar coci ta buga ta addu'ar yamma, ta yi shiru. Fitilar Lavinia tana ɗan zuzu. Ina jin numfashin tsohon a kusa da ni.

Wari ne ya fara zuwa. Miyar kabeji da ta kwana, da bokitin fitsari, da jiƙaƙƙen bargo. Kullum ana goge ɗakin nan da sabulu, ban taɓa jin komai a ciki ba sai ƙamshin fenti.

Na ga Grigore ya dafe abin kunnensa. Ya juya sandar zuwa ƙofa a hankali.

Sai ni ma na ji. Takun takalmi mai ƙusa, daga can ƙarshen baranda. Ba sauri. Makullai suna kaɗawa da kowane taku.

Babu kowa a ginin sai mu. Ni na kulle ƙofar ƙasa da hannuna.

Takun ya tsaya a bakin ƙofarmu. Ƙofar a buɗe take, barandar ba kowa. Sanyi ya shigo ya kama mini gwiwoyi.

Ɗakin ya cika. Ban ga kowa ba, amma kafaɗa ta matse ni ta dama, wata ta hagu. Wani yana numfashi a ƙeyata.

Nea Sofron ya miƙe tsaye ba tare da ya dafa komai ba, ya manna hannuwansa a cinya.

"Moga Ilarie," in ji wata murya daga bakin ƙofa, muryar mutumin da ya gaji da aikinsa, yana fara da sunan dangi.

"Ga ni," aka amsa daga bayana.

"Hotea Toader."

"Ga ni." Wannan daga ƙasan gado.

"Bledea Simion."

"Ga ni."

Haka aka yi ta tafiya, ɗaya bayan ɗaya, a jerin da na sha ji a bakin tsohon. Kowa da muryarsa, wata ta saurayi, wata ba haƙora. Tsikar jikina ta tashi. Na so in yi alamar gicciye, hannuna ya ƙi ɗaguwa.

Aka kira na ƙarshe, ya amsa. Makullai suka yi ƙara.

"Danciu Sofron."

Shiru.

Na ji duk ɗakin ya juyo gare shi.

"Danciu Sofron."

Ya karkato kansa wajena, idonsa a kan ƙofa. "Aurica," ya ce da raɗa, "ni babu mai amsa mini."

Bakina ya fara buɗewa da kansa. Kalmar ta taso mini har maƙogwaro, kamar wani ne yake tura ta daga ciki. Na ciji harshena sai da na ji gishirin jini.

Aka kira karo na uku, kusa sosai. Na ga ƙirjin tsohon ya ɗaga, ya ja numfashi zai amsa.

Na kai hannu na toshe masa baki.

Na rungumo shi ta baya na ja. Tsoho ne da iska za ta iya ɗauka, amma ya yi nauyi kamar an riƙe masa ƙafafu. Yana kokawa da ni, yana cizon tafina. A bakin ƙofa na ratsa ta cikin wani abu mai sanyi, mai warin taba da man takalmi. Wani ya kama mini gefen riga. Na fizge, rigar ta yage.

Ban san yadda muka sauko bene ba. Grigore ne ya cim mana ya saɓi tsohon a kafaɗa, ya bar kayan aikinsa a sama. Sai da muka fito tsakar gida na saki numfashi, na durƙusa na yi amai.

Lavinia ta sauko daga baya tana gyara gashi. Ta ce ita ba ta ji komai ba sai ƙarar bututun ruwa, ta kuma tambaye ni ko na haukace ne. Mai kyamara kuwa ashe bai kashe na'urarsa ba.

Shirin ya fito bayan mako guda. Babu suna ko ɗaya. Akwai hawayen, akwai labarin burodi, sai kuma ni, ma'aikaciyar gidan tarihi, na toshe wa tsohon fursuna baki ina jansa kamar buhu, da kiɗa mai ban tausayi a ƙasa. Lavinia ta ce wa masu kallo har yau ana hana waɗannan mutane magana. A na'urar Grigore ba a sami komai ba sai shiru, kuma da shirun suka yi amfani. Shi dai ya bar aikin, ba ya ɗaukar wayata.

Darakta Pintea ya mayar da ni teburin sayar da tikiti don a ga ya ɗauki mataki, amma bakinsa har kunne. Baƙi sun ninka. Ma'aikata suka fara raɗe-raɗin fatalwa, 'yan jarida suka yi ta zuwa, babu mai tsayawa gaban bangon sunayen sai in zai ɗauki kansa hoto.

Nea Sofron bai ƙara magana ba tun daga ranar. Floarea ta ce da rana yakan ci tuwon masararsa lafiya, amma da zarar ƙararrawar yamma ta buga sai ya cusa gefen bargo a baki ya danne da hannu biyu. Ba ta bar ni na shiga ba. Kafin Kirsimeti ta kira ni, ta ce jiya ta je ɗora ruwan shayi, ta ji shi daga ɗaki ya ce "ga ni" da ƙarfi, kamar saurayi. Da ta shigo ta same shi jingine da bango, hannuwa a cinya, ya riga ya tafi.

Washegarin jana'iza Lavinia ta kira. Muryarta ta yi laushi. Ta ce yanzu da ya rasu labarin ya yi nauyi, za su ba ni fili kai tsaye a labaran yamma, in tsaya a ɗakin nan in faɗi sunayen gaba ɗaya, ba yanka. Abin da tsohon ya yi shekaru yana roƙo, sai da ya mutu ya zama abin sayarwa. Na haɗiye baƙin cikina na ce zan yi, don ni kaɗai ce na haddace su a jerinsa.

Na tsaya a kicin ɗina da rana tsaka ina gwadawa, taga a buɗe, yara suna wasa a ƙasa. Na faɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ba abin da ya faru. Hankalina ya kwanta, har na ga ya dace in ƙara nasa a ƙarshe, tunda shi ma ya shiga sahu.

"Danciu Sofron," na ce.

Daga lungun ƙofar gidana aka yi tari mai kaushi.

"Ga ni, Aurica. Ke wa zai amsa miki?"

Na kira Lavinia na ce ba zan iya ba. Ta ce ba komai, suka saka labarin farashin mai a gurbin. Har yau ba a faɗi sunayen a talabijin ba, tsofaffin matan ƙauye kuwa kullum raguwa suke yi.