Babban Yatsa

Faɗa ne ya haɗa su. A lokacin kullen korona ne, Garzali ya kawo bokitin tsingaro daga jirgin bincike zuwa ɗakin adana kayan tarihi a Doha, yana tafe yana goge guda ɗaya da tawul.

"Kai! Mayar da shi ruwa!"

Wata ma'aikaciyar ɗakin ce, idanunta kawai ya gani a saman takunkumi. Da Hausa ta daka masa tsawar, don haka ya tsaya baki buɗe.

"Shekaru aru-aru yana cikin teku," in ji Bilqis. "Ya bushe yanzu, gishirin cikinsa ya tarwatsa shi."

"To yaushe zai fito?"

"Sai ya shirya, Malam."

Garzali ɗan masunta ne daga Yauri, nutso ya kawo shi Qatar. Shi ke sauka ƙarƙashin teku wurin jiragen masu neman lu'ulu'u da suka nutse tun da daɗewa, ita kuma aikinta jiƙa abin da aka fito da shi tana canza masa ruwa. Ba ta taɓa nutso ba, kuma tambayoyinta ba sa ƙarewa.

"Kifina, ƙasan akwai shiru?" ta rubuto masa.

"Ba shiru, Gishirina. Numfashinki ne zai cika miki kunne."

Ya koya mata maganar hannu ta masu nutso. Zagaye da yatsu biyu, lafiya ƙalau. Babban yatsa sama, an gama, a fita.

"Kuma ba a tambayar dalili," ya ce. "Duk wanda ya ɗaga, ko sabon shiga ne, an gama ke nan."

Ta ji daɗin dokar, har suka mai da ita tasu a waya. Ran da hira ta ishi ɗayansu, yatsa kawai zai turo.

Mahaifinta, Dakta Abdulhakeem, ya fi son ta auri Aminu, injiniyan gas mai zuwa gaishe shi a gidansa na unguwar Nu'aija kowace Juma'a. Da Garzali ya je neman aurenta ya durƙusa, Dakta bai tambaye shi albashi ba.

"Mutane sun nutse da kayansu, kuna zuwa kuna kwasowa. Mene ne bambancinku da mai tonon kabari?"

Garzali ya sunkuyar da kai.

"Baba, ni ma ina tambayar kaina. Inda muka ga ƙashi ba ma taɓawa, nakan yi musu addu'a a zuci. Tulun kuwa, in mun bar shi, igiyar ruwa da ɓarayi su cinye labarin masu shi. Amma ban ce na gama gane hukuncin ba."

Dakta ya ce ya ji, ya sallame shi. Aka shafe watanni ba e ba a'a.

Gab da fara gasar cin kofin duniya, Garzali ya rubuta mata daga ɗakinsu na unguwar Najma: "Gishirina, jira ya yi tsawo. In turo manyana? Duk abin da kika ce, na karɓa."

Bilqis ta kasa faɗa da baki, sai ta miƙa wa mahaifinta wayar. Ya gyara tabarau, ya karanta sau biyu, sannan ya ba da amsar da yake bai wa kowa idan ya amince. Ya danna babban yatsa. Ta karɓi wayar ta ruga ɗaki. Yatsan babanta ta gani, murna ta mantar da ita cewa da sunanta ya tafi.

Garzali ya kalli saƙon har wayar ta yi duhu.

"Kira ta mana, ka ji dalili," in ji Ɗalhatu, abokin ɗakinsa. "Wannan ai iyakacin wauta ce."

"Ni na koya mata ba a tambaya. In na tambaya yau don abin ya zo kaina, ashe dokar ta wasu ce kawai."

Bai sake tuntuɓarta ba. Ita ma kunya ta hana ta bin sawu, wace budurwa za ta ce ina manyan naka? Aminu kuwa ya ƙara ƙaimi, har da tikitin kallon ƙwallo na gidan gaba ɗaya. Dakta ya fara cewa mai nutson nan da alama ya nutse.

Ranar da Garzali ya kawo wani ƙaton tulu a baho, ya ajiye zai juya, ta tare ƙofa.

"Malam Garzali, haka ake yi a Yauri? A nemi izini, a bayar, mutum ya ɓace?"

"Wane izini? Kin ɗaga yatsa, na fita."

Ta ciro wayar, ta duba, ta dafe kai.

"Innalillahi! Baba ne! Shi duk duniya da yatsa yake amsawa, har da gaisuwar mutuwa!"

Ya zauna a bakin bahon har rigarsa ta jiƙe.

"Baba ya yarda?"

"Tun yaushe. Kai kuma ko ka tambaya?"

"Ba a tambaya, Gishirina."

"A ruwa ke nan, Kifina. A nan ka riƙa tambayata."

A Kano aka ɗaura auren, a masallacin unguwar su Dakta, baffannin Garzali sun zo takanas daga Yauri. A falon Nu'aija aka ɗora waya kan tebur ana saurare, titi ya cika da hon ɗin masu zuwa filin wasa. Da muryar liman ta ce an ɗaura, Bilqis ta ja mayafi ta rufe fuska.

Dakta ya kama hannun Garzali ya riƙe.

"Ga ta nan, ɗana. Kullum ka sauka, ka tuna akwai mai jiranka a sama. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya fito da kai lafiya."

Duk falon ya amsa da amin, muryar Bilqis ce ta fi fitowa.