Lambobin Da Ta Goge

Da yamma lis Injiniya ta sauka ɗakin awo da ke gindin gada. Can ƙarƙashin ruwa, a jikin ginshiƙi, akwai na'urar da ke aika amo tana sauraron dawowarsa, da haka take faɗin gudun kogin. Aikin Injiniya tace lambobin ne. Duk lambar da ta wuce hankali, kifi ne ko kumfa, sai a goge. Haka aka koya mata, har ta sa wa kwamfutar mataci mai yin sharar da kansa.

To, kwanan nan shara ta yi yawa. Kullum dab da magariba sai lambobi su haukace, su nuna abu na haura ruwa da gudun da ko jirgi mai inji bai isa ba. Ta ce datti ne ya toshe idon na'urar. Ta duba zanen lambobin da matacin ya gyara, ga shi sumul, sai ta kira yayanta mai sana'ar nutso ya goge mata.

"Ruwan lafiya dai ko, Injiniya?" ya tambaya yana ɗaura igiya a ƙugu. Shi ya laƙaba mata sunan tun tana ƙarama tana kwance rediyon gidansu.

"Kwance yake kamar ruwan randa, Yaya. Ko tsoro kake ji?"

"Ji 'yar nema! Ni da na goya ki?"

Ya faɗa ruwa yana dariya.

Ɗakin na warin laka da tsatsa. Ta kashe matacin don ta ga motsin hannunsa a lambobin in ya isa wurin. Abin da ta gani ya ɗaga ta tsaye. Lambobin ba a warwatse suke irin na kumfa ba. Abu guda ne, ya cika awon daga saman ruwa har ƙasa. Na'ura ta yi amo, ya matso. Ta yi shiru, ya tsaya. Ta sake, ya ƙara matsowa.

Amsa kira yake yi. Shi ta yi ta gogewa ba ta sani ba.

"Yaya," ta ce.

Ta fita a guje. Kwaɗi sun yi tsit. Wani ƙarni ya bugi hancinta, irin na mahauta. Ta cafki igiyar, aka fizge da ƙarfin da ya saɓule mata fatar tafin hannu.

Sai kogin ya tsaya cak. Ya juya baya.

Yayanta ya ɓullo, amma ba da kansa ba. Ɗago shi aka yi ta ƙafa, kansa a ƙasa. Ruwa ne ya miƙe tsaye, baƙi ƙirin, da gashi har gwiwa. Ya maka shi da ginshiƙi. Ƙashi ya ce ƙas! Ya sake makawa. Jini ya fantsama a siminti.

Daga bakin abin wata 'yar ƙara ke fita. Ƙit. Ƙit. Ƙit. Kukan na'urarta yake kwaikwayo.

"Innalillahi!"

Ta rarrafa zuwa wayar wutar na'urar da ta gangara cikin ruwa. Ta ja, ta ƙi. Ta ɗauki dutse ta yi ta sara, wuta na tartsatsi a fuskarta.

Wayar ta tsinke.

Abin ya karkata kai yana saurare. Babu kira. Ya murɗe abin da ke hannunsa, ya yar da saura, ya zube.

Ta jawo yayanta da hannuwa jina-jina. Yana numfashi. Ƙafarsa ta dama, daga gwiwa, babu.

Ya rayu. Bai taɓa ce mata laifinta ne ba, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. Ta bar aikin, ta tare gidansa tana jinya.

Wata yamma ta kawo masa ruwan sha, ta ajiye kofin a tebur. Idon da ya saba auna ruwa bai bar ta ba. Teburin a daidai yake, babu iska, amma ruwan ya karkata gefen da yayan yake zaune, yana hawa bakin kofin a hankali.

"Lafiya dai ko, Injiniya?"

Ta buɗe baki za ta ce lafiya, sai ta fasa. Ta ɗauke kofin.

"Ba lafiya ba, Yaya. Ya biyo ka."