Tsamiyar da Sallau Ya Yi wa Ƙage

Ku matso kusa. Matsoraci ya tashi tun yanzu, ba na rakiya zuwa bayi.

Sallau injiniya ne. Shi aka turo ya haɗa asibitin Kwarin Gamji da likitocin birni ta setilayit, wato tauraron ɗan adam. Aikin yana da ƙa'ida. Na'urar da ake kira modem ba ta bin agogon kanta, na birni take bi. A cikinta kuma akwai bafa, wata ma'ajiya da saƙo ke ɗan tsayawa kamar ruwa a randa, don tauraron yana ɗan gusawa a sama. Agogon dai Sallau mantawa ya yi bai saita ba. Bafar kuwa da gangan ya matse ta, don ranar buɗewa a ga layinsa ya fi na kowa sauri. Aka kuwa tafa masa.

Sai layi ya fara yankewa. Likita na tsaka da yi wa ungozoma bayani kan mai naƙuda, hoto ya daskare. Da mai gari ya tambaya, Sallau ya nuna tsohuwar tsamiyar bayan asibiti.

"Ranka ya daɗe, mutanen cikinta ne."

Ko kunya babu! Aka sa ranar Asabar za a sare ta.

Ranar Juma'a, rana tsaka, maza duk suna masallaci, ya shige ɗakin na'ura ya murza makulli. Nufinsa ya gyara a ɓoye, gobe a sare bishiya, a ce an rabu da aljanu.

Sai ya ji ƙamshin ɗanyar tsamiya. Ya waiga. Ga tsohuwa zaune kan batir. Bakinta ya motsa, ya rufe. Sai can muryar ta iso.

"Ɗana, me muka yi maka?"

Kafin ya buɗe baki, ta ci gaba.

"Jikokina tara suna reshen gabas. Ina zan kai su?"

"Iya, yanzu zan gyara."

"Gyara mana. Mayar da agogo kan na birni. Buɗe randar nan, ka tsayar da ita a tsakiya."

Ashe duk ta sani. Ya yi yadda ta ce. Fitilun modem suka koma kore.

"Na gama, Iya," ya ce. Shiru. Sai da ya rufe baki sannan ya ji muryarsa ta fito.

"Ba na'ura ce ta yi mana ƙage ba," in ji tsohuwar. "Je ka ƙofar masallaci."

Ya tafi. Jama'a na fitowa ya durƙusa gaban mai gari. Leɓensa ya motsa, maganar ta biyo baya, shi ma yana saurarenta kamar kowa.

"Ƙarya na yi. Ni na lalata layin, don a yabe ni."

Wallahi ji ya yi gara ƙasa ta tsage ya shige. Babu wanda ya zage shi, abin da ya fi ƙona shi ke nan. Wani manomi ne kawai ya matso, a hankali.

"Injiniya, ranar da matata take kan gwiwa layi ya yanke, ashe kai ne?"

Wannan karon muryar Sallau ta fito daidai da bakinsa. "Ni ne."

Tsamiyar tana nan. Kada wanda ya bi bayan asibitin nan shi kaɗai da rana tsaka. Kuma in kun yi ɓarna, kada ku ɗora wa waɗanda ba ku gani. Suna ji.