Ledar da Aka Maido ta Taga

Ana gab da magariba ta karɓi aiki a ɗakin ajiyar jini. Ita kaɗai ce ranar, abokin aikinta ya tafi jinyar mahaifinsa. Ta duba ma'aunin babban firji, yana kan digiri huɗu yadda ake so. Ta leƙa firiza, inda ledojin filazma, wato ruwan jini, ke daskare rawaya-rawaya. A kusurwa injin da ke jijjiga ƙwayoyin tsayar da jini yana ta kai-kawo kamar mai lallashin jariri.

Wayar bango ta yi ƙara. Sista ce daga ɗakin tiyata, wadda kullum sai ta fara da tsiya: "Mai shan jini, kina nan?" Yau ba ta yi ba.

"Ƙanwata, samu wuri ki zauna tukuna."

"Sista, faɗa mini kawai."

"Maigidanki ne. Ya faɗo daga tsani yana gyaran wuta. Saifa ta fashe, jini na zuba ta ciki. Likita na son leda uku."

Ba ta zauna ba. Rukunin jininsa ta san shi kamar sunanta: O nagetif, mai wuyar samu. Ta sha yi masa tsiya cewa har jininsa jan aji gare shi, shi kuma ya ce ai shi ya sa ya auri mai makullin firji.

Leda ɗaya tak ta samu. Ta gwada ta da samfurin jininsa, ta dace, ta aika. Ta kira babban asibiti da ke can ƙarshen gari, suka ce direba ya taso da biyu, amma hanya a cunkushe take, sai ta ba shi awa guda.

"Ba shi da awa guda," in ji Sista. "Likita ya ce ki narka filazma biyu, mu riƙe shi da su."

Filazma ba a yi mata gaggawa. Cikin ruwa mai ɗumin jikin mutum ake sa ta, ta yi minti ashirin. In aka zuba mata ruwan zafi ta lalace, in aka ciro ta da saura ba ta ɗauruwa. Ta jefa ledojin biyu a kwamin ɗumamawa, ta saita agogo, ta tsaya a kansu.

Daga nesa aka fara kiran salla.

Sai aka ƙwanƙwasa tagar da ake miƙa jini. Sau uku, a hankali.

Wata mata ce cikin fararen kaya irin na ma'aikatan jinya. Shekararta shida a asibitin, ba ta taɓa ganin fuskar ba. Wani wari ya biyo ta, kamar na ƙarfe mai tsatsa da ruwan sama ya jiƙa.

"An maido," matar ta ce ƙasa-ƙasa. Ta turo leda ta tagar.

A jikin takardar an rubuta O nagetif.

Abu na farko da aka koya mata a ɗakin nan shi ne: ledar da ta wuce rabin awa a waje ba ta komawa firji, sai ƙonawa. Wadda ba ki san inda ta fito ba kuwa, ko taɓa ta ba a yi. Kuma ta san ba ta fitar da wata leda ba sai tasa.

"Daga wane ɗaki?"

"Kina buƙata ko ba ki buƙata?"

Ta miƙa hannu ta karɓa.

Ledar da ɗuminta, kamar yanzu aka ɗebe ta daga jikin mutum. Ta ɗaga kai za ta yi tambaya, babu kowa a tagar. Ta ce wa zuciyarta gwaji kawai za ta yi, gwaji ai ba laifi ba ne. Ta ɗiga daga ɗan bututun gwaji da ke jikin ledar, ta haɗa da samfurinsa, ta duba. Ya dace. Ba ta taɓa ganin jinin da ya dace tsaf haka ba.

Waya ta sake ƙara. Sista ce.

"Ledar da kika aiko ta ƙare. Yana tafiya, ƙanwata. In kina da wani abu, ko mene ne, ki kawo."

Saura minti goma sha ɗaya filazma ta narke.

Ta ɗauki ledar. Har ta nufi ƙofa, sai sabo ya tsayar da ita: ba a fitar da jini sai an ɗaga shi a haske. Ta ɗaga. Babu guda, babu kumfa, launinsa lafiya lau.

Sai ledar ta buga a tafinta.

Dum. Dum.

Ta ajiye ta a kan tebur kamar garwashi.

"Kai masa."

Muryar ba daga taga ta fito ba. Daga bayanta ne, cikin ɗakin, kuma ita da kanta ta murɗa makullin ƙofar.

"Da hannunki za ki kai. Sai an rataya, an buɗe hanya, sannan nake shiga."

Injin jijjigawa ya tsaya cak. Firji ya yi shiru, firiza ma haka. Kwamin ɗumamawa kaɗai ke ƙugi. Ta juya wa ɗakin baya, ta tsoma hannun dama a ruwan, ta taɓa filazmar. Tsakiyarta har yanzu dutse ce. Ta fara karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, tana yi tana sarƙewa.

Saura minti shida.

Warin ya matso. Numfashi ya sauka a ƙeyarta.

"Mai makulli."

Wannan karon muryar mijinta ce. Har da 'yar dariyar da yake yi in zai roƙe ta wani abu.

"Mai makulli, sanyi nake ji. Ba za ki kawo mini ba?"

Hawaye suka zubo mata cikin ruwan. Ƙofa taku huɗu ce. Ta san in ta gudu yanzu, hannu wofi za ta je masa. In ta ɗauki ledar can, ba ta san wa zai farka a kan gadon ba.

"Ba kai ba ne," ta ce. "Shi bai taɓa ce mini in karya doka ba."

Saura minti biyu.

Yatsu suka kama hannunta na hagu. Dogaye, masu ɗumi. Suka shafa gwiwar hannun ta ciki, suna lalube, yadda ita ma take laluben jijiya.

Wani abu ya soke ta.

Ba ta fizge ba. Ƙanƙarar ƙarshe tana narkewa a tsakanin yatsunta na dama.

Agogo ya yi ƙara.

Ta fizgo ledojin biyu, ta daki ƙofa, ta murɗa makulli, ta zuba da gudu ba takalmi. Ba ta waiwaya ba har sai da ta zube a ƙofar tiyata, Sista ta karɓe su daga ƙirjinta.

Filazmar ta riƙe shi. Direba ya iso bayan isha'i, kuma kwana tara bayan haka mijinta ya taka da ƙafarsa zuwa gida, yana mitar an yanka masa rigar aiki da almakashi.

A daren da abin ya faru, da ita da Sista suka koma ɗakin, komai na aiki daidai. Ledar na kan tebur, a shafe, babu ko ɗigo a ciki. Bakinta a rufe, ba a taɓa huda shi ba.

Tabon da ke hannunta bai warke ba. Wata rana Sista ta riƙe wuyan hannunta tana ƙirga bugu, ta saki, ta sake kamawa, sannan ta dube ta. Ita ma ta sani. In gari ya yi shiru tana jin su biyu, nata da wani a bayansa, kuma na bayan yana ƙara sauri duk lokacin da mijinta ya shigo ɗaki.

Da, duk wata huɗu take ba da jini. Yanzu ta soke sunanta daga jerin masu bayarwa, ta sa Sista ta yi mata rantsuwa: ko wa ke mutuwa, ko da shi ne, kada a ɗebi nata.